Shin da gaske Larabawa sun naɗa baturiya sarauniyar hamada?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da labarin wata baturiya 'yar gidan sarautar Ingila, wai ita Lady Hester Stanhope, wadda aka ce ta bar ƙasarsu ta sa kayan maza ta shiga hamadar Siriya, har Larabawa suka naɗa ta sarauniya. Don Allah gaskiya ne, ko ƙarin gishiri ne irin na masu ba da labari? Me zai raba mace mai gata da gidansu ta tafi yawon hamada, kuma yaya aka yi ba a kashe ta ba a zamanin da ko maza suna tsoron hanyar? Wasu kuma sun ce mahaukaciya ce."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko labarin yana da tushe, da abin da ya fitar da matar daga gida, da yadda ta ratsa ƙasar da ake tare ayari ta fito lafiya. Matar dai an yi ta, tafiyar ma an yi ta, akwai wasiƙunta akwai kuma bayanan likitan da ya raka ta. Maganar naɗin sarauta ce ke da gyara, zan kuma zo kanta. Inda na fi son in daɗe shi ne batun tsirarta, domin a nan ne masu ba da labarin suka fi sakaci, sukan ɗora komai a kan jarumtakarta, sai ka ce ƙarfin zuciya ne ke nuna wa mutum inda rijiya take. A shekarun da na yi ina koyar da tarihi ina kuma bin rubuce-rubucen matafiyan ƙarni na 19, abin da na lura da shi game da Hester shi ne, ta take al'adun Ingila yadda ta ga dama, amma da ta iso bakin hamada sai ta bi ƙa'idar masu hamadar sau da ƙafa, kuma wannan biyayyar ce ta fitar da ita da ranta.

Gidan da ta fito da abin da ya raba ta da shi

An haife ta a 1776. Ba jinin sarkin Ingila ba ce, 'yar masu sarauta ce: mahaifinta Charles Stanhope yana riƙe da sarautar gado da suke kira Earl, gidansu kuma yana Chevening a yankin Kent. Ta wajen uwa jikar William Pitt babba ce, kawunta kuwa shi ne William Pitt ƙarami, wanda ya zama Firayim Ministan Birtaniya yana ɗan shekara 24. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 4. Uban mutum ne mai kaifin basira da taurin kai. Shi ya ƙirƙiro wani injin ɗab'i na ƙarfe da ake kira da sunansa, ya kuma goyi bayan juyin juya halin Faransa har ya sa aka cire tambarin gidansu daga ƙofa, a lokacin da takwarorinsa ke kallon juyin a matsayin annoba. Rashin damuwa da abin da mutane za su ce, ke nan, gadonsa ta yi.

A 1803 ta koma gidan kawun nata. Pitt bai taɓa aure ba, saboda haka ita ta riƙe masa gida, ita ke karɓar baƙi, ita ke zama cin abinci tare da ministoci da janar-janar a daidai lokacin da Birtaniya ke yaƙi da Napoleon. Ta saba a saurare ta, ta saba ta yi wa manya ba'a a gaban idonsu ba wanda ya isa ya tanka. Da Pitt ya rasu a watan Janairu na 1806 sai duk wannan gata ya kau. Gwamnati ta yanka mata fanshon fam 1,200 a shekara, kuɗin da talakan Ingila zai ga kamar taska, amma wanda bai isa a riƙe gida da keken doki da barori irin na masu sarauta a Landan ba. Waɗanda ta yi wa ba'a jiya kuma ba su manta ba.

Me ya rage wa mace irinta, mai shekara 30 ba aure? Ko dai ta yi aure, ko ta raɓe a gidan wani ɗan'uwa tana tsufa. Auren kuma a dokar Ingila ta lokacin yana nufin dukiyar mace da duk abin da ta samu sun koma hannun miji, sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka gyara wannan. Ɗalibaina sukan yi mamaki idan na faɗi haka, domin sun tashi sun ga sadakin mace da gadonta nata ne ko a gidan wa take. Ana cikin haka, a Janairun 1809, aka kashe ƙanenta Charles a yaƙin Corunna a Sifaniya, rana ɗaya da Janar John Moore, mutumin da take matuƙar ƙauna da girmamawa. A watan Fabrairu na 1810 ta shiga jirgin ruwa tare da wani matashin likita mai suna Charles Meryon da 'yan barori, kuma ba ta sake taka Ingila ba.

Ban ga alamar cewa ta fita da niyyar hamada ba. Yaƙin Napoleon ya rufe wa Ingilishi yawancin Turai, hanyar da ta rage ita ce ta teku, ta Jibralta da Malta da ke hannun Birtaniya, daga nan Girka da Santambul. A wannan tafiya ta haɗu da wani saurayi, Michael Bruce, wanda ta girme shi da fiye da shekara 10, suka riƙa zama tare ba aure, ba kuma a ɓoye ba, har ta rubuta wa mahaifinsa ta sanar da shi. A ganina wannan ne ya rufe mata ƙofar Landan, tun kafin maganar rawani ta taso. Ya kamata kuma a san cewa mahaifin Bruce attajiri ne, kuma kuɗinsa ne ya ɗauki babban kaso na nauyin ayarin a shekarun farko. Masu yabon 'yancinta sukan tsallake wannan.

Rawani da wando

A ƙarshen 1811, a kan hanyarsu ta zuwa Masar, jirginsu ya fashe kusa da tsibirin Rodos. Sun tsira da rayukansu, amma kayan sawarta duk sun tafi cikin teku, kuma ba inda za a sami rigar matan Turai a tsibirin. Da ta sa kayan matan Turkawa, to da sai ta yi lulluɓi ta bi dokar lulluɓi. Sai ta zaɓi kayan maza: rawani, doguwar riga, wando, da ɗamara, daga baya har da takobi. Dole ce ta jawo hakan da farko, amma da ta ga amfaninsa sai ta riƙe shi har mutuwarta, ta ma aske kanta don rawanin ya zauna.

Amfanin kuwa a fili yake. A ƙasashen Daular Usmaniyya tufafi ne ke faɗin matsayin mutum kafin ya buɗe baki. Mace mai lulluɓi cikin gida za a kai ta wajen matan Basha, wato gwamna, ba za ta zauna a zauren da ake yanke magana ba. Hester ba ta taɓa cewa ita namiji ba ce, kowa ya san mace ce, sai dai shigar manyan mutane ta sa fadawa ba su da wani gurbin da za su ajiye ta in ba na babban baƙo ba. Haka Muhammadu Ali Basha ya karɓe ta a Alƙahira a 1812. Ta kuma bar hawan doki irin na matan Ingila, wanda ake zama a karkace ƙafafu biyu gefe ɗaya, ta koma hawan maza, wanda shi ne mai yiwuwa ga mai wuni a kan sirdi.

A cikin 1812 ɗin ta shiga Dimashƙa da rana tsaka, bisa doki, fuskarta a buɗe, bayan an gargaɗe ta cewa birnin ba ya ɗaukar irin wannan, don ko Kirista namiji ba a saba ganinsa bisa doki a cikinsa ba. Mutane suka taru suna kallo, ba wanda ya taɓa ta. Akwai ƙarfin hali a nan, ban musa ba. Amma labari ya riga ta isa cewa 'yar yayar wazirin sarkin Ingila ce, kuma mutanen Sham ba su manta cewa jiragen yaƙin Birtaniya ne suka taimaki Jazzar Basha ya kare Akka daga Napoleon a 1799 ba. Duk wanda ya jefe ta da dutse, da gwamna zai gamu. Da 'yar talakawa ce ta gwada haka da labarin ya sha bamban.

Hanyar Tadmur

Inuwar gwamna tana ƙarewa ne a inda gonaki suka ƙare. Tadmur, wanda Turawa ke kira Palmira, tsohon birni ne da ya zama kufai a tsakiyar hamada, sama da kilomita 200 arewa maso gabas da Dimashƙa. Nan ce fadar sarauniya Zenobiya, wadda ta ja da Rumawa har sarkinsu Aurelian ya ci ta da yaƙi a shekara ta 272. Turawa maza kaɗan ne suka taɓa isa wurin, baturiya kuwa ba a san wadda ta riga Hester ba. Zamanin ma na tashin hankali ne, ƙabilun Anaza suna gaba da juna a kan makiyaya da rijiyoyi, ga shi a 1810 mayaƙan daular Saudiyya ta farko sun kawo hari har Hauran, kudu da Dimashƙa.

Hanyoyi biyu aka shimfiɗa mata. Ta farko, Bashan Dimashƙa ya ba ta rakiyar sojoji. Ta biyu, ta ba da kanta amana ga Muhanna al-Fadil, shugaban Larabawan Hasana, wani reshe na Anaza, waɗanda hanyar ke ratsa ƙasarsu. Ɗansa Nasir ya zo ya faɗa mata a fili cewa idan ta shigo da sojoji to abokiyar gaba ce, idan kuwa ta zo a ƙarƙashin amanarsu to baƙuwa ce. Yawancin Turawan da ke ba ta shawara sun fi amincewa da bindigar gwamnati. Ita kuwa ta ƙi sojojin, ta hau doki da 'yan rakiya kaɗan ta tafi har zangon Muhanna, ta sauka a cikin tantunansa, ta ci abincinsa, ta yi kwanaki a hannunsa kafin a ƙulla maganar tafiyar.

Duk wanda ya san yadda fataucin da yake a ƙasar Hausa zai gane hikimar. Madugu ba ya ratsa ƙasar wani da ƙarfin tsiya, yakan biya kuɗin fito ya kai gaisuwa ga masu hanya, su kuma su ɗauki nauyin ayarin har ya fita iyakarsu. Larabawan hamada suna da irin wannan tsari: matafiyi ya biya abin da aka yanka, a ba shi abokin tafiya ɗan ƙabilar, daga nan duk wanda ya taɓa shi ya taɓa mutuncin shugaban ƙabilar ne, kuma shugaban da aka ci amanar baƙonsa bai rama ba ya zubar da girmansa a idon kowa. Rundunar soja ba ta da wannan kariyar, ga ta da shan ruwa mai yawa, ga rijiyoyin a hannun waɗanda take tsokana. Hester ta kuma yi abin da gogaggun 'yan kasuwa ke yi, aka biya wani kaso na ladan kafin tashi, sauran sai an dawo lafiya, ta yadda dawowarta ta zama riba ga Muhanna.

A watan Maris na 1813 ayarin ya tashi daga Hama, raƙuma ɗauke da tantuna da salkunan ruwa da itacen girki da hatsin dawaki, ita kuma cikin shigar Larabawan hamada. An ruwaito cewa wani dare Nasir da mutanensa suka ɓace daga zango aka yi kururuwar hari, don a ga ko za ta firgita a sami hanyar ƙara lada, sai aka tarar da ita tsaye da makami a hannu tana ba da umarni. A irin wannan wuri ne ƙarfin zuciyarta ya yi aiki, wato wajen riƙe yarjejeniyar da ta riga ta ƙulla kada a raina ta.

Yanzu ga maganar sarautar. Da suka iso Tadmur mazauna ƙauyen da ke cikin kufan suka fito tarya, mahaya suna sukuwa suna harba bindigogi sama. Aka bi da ita ta tsohon titin nan mai jerin ginshiƙan dutse. A jikin ginshiƙan akwai 'yan dandamali inda a zamanin da ake ɗora mutum-mutumin manyan gari, sai aka tsayar da 'yan mata a wuraren suna riƙe da furanni, idan ta wuce su sauko su bi ta suna rawa da waƙa. A ƙarƙashin babbar ƙofar mai baka aka riƙe wani kambin furanni bisa kanta. Wannan shi ne abin da ya faru. Ita ce ta rubuta wa mutanen Ingila cewa an naɗa ta sarauniyar hamada, sunan kuma ya bi ta. Ba wanda ya yi mata mubaya'a, ba ta karɓi haraji ba, ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Tarya ce ta girmamawa ga baƙuwa mai buɗaɗɗen hannu, daga talakawan da suka san za a yi rabon kyauta. Bayan 'yan kwanaki ma sai da ayarin ya juya cikin gaggawa saboda labarin cewa wata ƙabila mai gaba da Muhanna tana tafe, sarauniyar kuma ta bi umarnin masu rakiyarta ta yi sauri.

Wadda ba ta dawo ba

A aji nakan ce wa ɗalibai, duk matafiyin da za su karanta su fara tambayar wa ya biya kuɗin, wa ya nuna hanya, kuma sunan wa ke kare shi a kowane zango. Idan aka auna Hester da wata mace mai irin gatanta za a ga nauyin tambayar ta ƙarshe, kuma labarin wannan ta biyun ya matso kusa da mu.

Alexine Tinne 'yar Holan ce, an haife ta a 1835, mahaifiyarta 'yar masu sarauta, mahaifinta hamshaƙin ɗan kasuwa da ya rasu ya bar mata dukiyar da ta sa ta cikin mata mafiya arziki a ƙasar. Ta fi Hester kuɗi nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta sanin wahalar tafiya, domin ta bi kogin Nilu har Gondokoro a 1862, ta shiga yankin Bahar al-Gazal a 1863 inda zazzaɓi ya kashe mahaifiyarta. A farkon 1869 ta tashi daga Tarabulus da babban ayari ta sauka Murzuk a ƙasar Fezzan, da niyyar ƙetare Sahara zuwa Borno. A can ta haɗu da likitan nan Bajamushe Gustav Nachtigal, wanda ke ɗauke da kyaututtukan sarkin Prusiya zuwa ga Shehu Umar a Kukawa. Kafin ayarin Borno ya haɗu, sai ta yanke shawarar ziyartar Buzayen Ajjer a wajen Gat, garin da ke kan hanyar fatake mai bi ta Abzin da Damagaram zuwa Kano.

Ta nemi amana, kuma ta samu daga Ikhenukhen, babban shugaban Buzayen yankin. Sai dai bai raka ta da kansa ba, ya wuce gaba ya bar ta a hannun wasu, ikon Turkawa kuma bai kai Gat ba a lokacin. Ayarinta ya yi girma ya kuma yi ƙyalli, labarin dukiyarta ya cika Fezzan, har ana raɗe-raɗin cewa tankokin ƙarfen da ta ɗora wa raƙuma don ruwa zinare ne a ciki. Da safiyar 1 ga Agusta 1869, ana ɗaurin kaya, faɗa ya tashi tsakanin masu jan raƙuma. Ta fito daga tanti don ta raba, aka sare ta da takobi, aka kashe matuƙan jirgi biyu 'yan Holan da ke tare da ita, aka wawashe kayan. Tana da shekara 33, kuma ba a gano gawarta ba. Wasu marubuta sun jingina kisan ga kwaɗayin zinaren, wasu kuma ga rikicin cikin gida na Buzayen, cewa an kashe baƙuwar ne don a nuna amanar Ikhenukhen ba ta da nauyi. Ni na fi karkata ga cewa dalilan biyu sun haɗu, amma ko wanne aka ɗauka, abin da ya raba ta da Hester shi ne mai amanar ba ya wurin, alhali ɗan Muhanna na cikinsa yana gefen sirdin Hester tun daga tashi har dawowa. Nachtigal ya isa Kukawa a 1870.

Lady Anne Blunt, jikar mawaƙin Ingila Byron, ta bi hanyar da ta fi duka natsuwa. Ta koyi Larabci sosai, ta yi tafiya da mijinta da ƙaramin ayari, jagoransu kuma mutumin Tadmur ne da mijin ya ƙulla 'yan'uwantaka da shi. Sun tashi daga Dimashƙa a ƙarshen 1878, suka ƙetare rairayin Nafud, suka sauka Ha'il wajen Amir Muhammad ibn Rashid a farkon 1879. Da za su fita sai suka bi ayarin alhazan Farisa ta tsohuwar hanyar hajji mai zuwa Iraƙi, inda har lokacin ana ganin tafkunan da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina kimanin shekara 1,000 kafin nan. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka Turawa ne suka fara kai 'yar sarauta hamada. Matan Larabawa makiyaya a nan suke haihuwa suke tsufa, matan ƙasar Hausa kuma sun bi ta Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, sai dai ba wanda ya buga wasiƙunsu a Landan.

Abin da ya biyo baya

Tadmur ce ƙololuwar rayuwar Hester. A cikin 1813 Bruce ya koma Turai, kuɗin mahaifinsa suka bi shi sannu a hankali, ita kuma ta yi ciwo mai tsanani a Lataƙiya har aka fid da rai. A 1815 ta sami izinin gwamnatin Santambul ta yi tono a kufan Askalan, bisa wani tsohon rubutu da ya ce an binne zinare a wurin. Ba a sami zinare ba, sai wani babban mutum-mutumin marmara marar kai. Ta sa aka farfasa shi aka zuba a teku, don kada a ce ta zo kwasar kayan tarihi zuwa Ingila kamar yadda Lord Elgin ya yi a Atina. Masu binciken kayan tarihi har yau ba su huce ba, ko da yake wasunsu sun yaba yadda aka lura da hawa-hawan ginin a lokacin tonon. Gwamnatin Birtaniya ba ta biya ta abin da ta kashe ba, bashi kuma ya fara taruwa.

Akwai abin da ba na yarda a ɓoye idan ana yabonta. Da aka kashe wani kanar Bafaranshe mai suna Boutin a duwatsun Nusairiyya da ke gabar tekun Siriya, ita ce ta matsa wa Sulaiman Bashan Akka lamba har ya aika da runduna a 1816, aka ƙone ƙauyuka aka kashe mutane da yawa waɗanda ba su da hannu a kisan. Tana kuma da zafin hannu a kan barorinta. Matar da ta ƙi a mallake ta ba ta ƙi mallakar wasu ba.

Daga baya ta tare a wani tsohon gidan ibada a kan tudu a Jun, kusa da Saida a ƙasar Labanan, ta kewaye shi da katanga ta yi lambu. A nan ta yi abin da ya fi sarautar Tadmur kama da mulki, domin ta mayar da gidan mafaka. Ta ɓoye Duruzawa, wata al'umma ta duwatsun Labanan, waɗanda Amir Bashir mai mulkin yankin ke nema, bayan faɗuwar Akka a hannun Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, a 1832 kuma ta karɓi 'yan gudun hijira ta ƙi miƙa su. Ƙa'idar amanar da ta ci moriyarta a hannun Muhanna ita ta riƙe wa wasu, kuma ciyar da su da rancen masu cin riba ta yi shi. A 1838, bisa ƙarar wani mai binta bashi, Ministan Harkokin Waje Palmerston ya amince a tare fanshonta. Ta rubuta wa Sarauniya Biktoriya wasiƙa mai zafi, ta sa aka toshe ƙofar gidan da gini. Ta rasu ranar 23 ga Yuni 1839 tana da shekara 63, babu Bature ko ɗaya a kusa da ita, sai ƙaramin jakadan Birtaniya a Beirut da wani ɗan mishan Ba'amurke suka zo suka binne ta da dare a lambun.

Maganar hauka

Masu cewa mahaukaciya ce suna da abin kafa hujja. A shekarunta na ƙarshe ta dulmiya cikin duban taurari, tana kwana hira da doguwar lofe a hannu har baƙo ya jigata, tana kuma kiwon goɗiyoyi biyu da ba a hawa, ɗaya mai lotsattsen baya kamar an haife ta da sirdi, wai don ranar da Mahadi zai bayyana ta raka shi Ƙudus. Ni malamin tarihi ne, aikin likita ba nawa ba ne, kuma ba na ganin daidai ne a yanke wa mutum hukuncin ciwon ƙwaƙwalwa daga takardun da wasu suka rubuta a kansa. Abin da sana'ata ta ba ni dama in faɗa shi ne a duba wa ke magana. Kusan duk abin da ke hannunmu ya fito ne daga bakinta, ko daga baƙi Turawa da suka kwana ɗaya ko biyu suna neman abin mamakin da za su rubuta, ko daga Meryon, wanda ya yi mata hidima shekara da shekaru tana yi masa gatse tana kuma ƙin matarsa. Muhanna da Nasir da 'yan matan Tadmur ba a tambaye su yadda suka ga abin ba. Littattafan Meryon sun fito a 1845 da 1846, bayan mutuwarta, kuma yawancin hirarrakin da ake jawowa don nuna haukarta ya ɗauke su ne a zamansa na ƙarshe a Jun, tsakanin 1837 da 1838, lokacin da take kwance tana tari, bashi ya yi mata katutu, rufin ɗakinta yana yoyo. Idan za ki karanta, Malama, ki fara da bayanin tafiyar 1812 da 1813 kafin na Jun, ki kuma riƙa duba shekarar kowace magana da wanda aka rubuta wa kowace wasiƙa.